Waƙar Kawu Balthasar a Allon Maharba

Elmrode, Nuwamba 1818

Zuwa ga ƙanena Leberecht,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Sabine da yaran. Na san za ka yi ta juya takardar nan kana neman tuna wace ce Ulrike. Ni ce 'yar Katharina, wadda mahaifiyarka ke kira yaya don kakarsu ɗaya, matar marigayi Tamm masaƙi. Sau ɗaya muka haɗu, a wajen wata jana'iza, kana ƙarami ka zubar mini da miya a riga. Na yafe tuntuni.

Ni lafiyata ƙalau, ban da gwiwa. Kawu Balthasar ne dai. Tun bayan girbi idonsa ya tafi gaba ɗaya, ko taga ba ya ganewa. Bakin kuwa yana nan da kaifinsa. Tun da na dawo riƙe masa gida bai taɓa kirana da sunana ba, sai Agwagwa, wai don tafiyata. In na kawo masa kofi da safe sai ya shanshana ya ce, "Agwagwa, ruwan wankin ƙafar wa kika ɗumamo mini yau?" Kuma ya shanye tas.

Ku a Leipzig ƙila har yanzu akwai masu tuna lokacin da waƙoƙinsa na zambo ke sa ƙasa duka dariya. A nan kuwa, in an hango mu sai a tsallaka hanya. Gidan da muke ciki na majalisar gari ne, an ba shi zama ne saboda koyarwar da ya yi a makaranta, da itacen wuta kowane hunturu. Bara, lokacin yunwa, ya yi waƙa a kan yadda burodi ke ƙanƙancewa alhali tumbin masu gasa shi na ƙara girma, yara suka ɗauka suna rerawa a kasuwa. Magajin Gari Stelling da kansa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini in aka sake jin ko baiti ɗaya, za a karɓe gidan a kai Kawu gidan gajiyayyu. Da na faɗa wa Kawu sai ya ce, "Can ma akwai masu saurare."

Yanzu ni ce hannunsa. Yana kai da komo a ɗaki, tafinsa a jikin bango, yana faɗa ina rubutawa, in gama in karanta masa, ya ce yawwa. Ga sabuwa nan a kan ƙungiyar maharban gari, masu gasar harbin allo, ya ce lallai in aiko maka tunda kana jera haruffa a maɗaba'a. Ni dai da na sake duba abin da ke kan takardar, na ce a raina, da wannan mutanen garin nan za su gani, da mun ci hunturun bana hankali kwance.

Ka gaida Sabine.

Yayarka,
Ulrike Tamm

Leipzig, Disamba 1818

Yaya Ulrike,

Na amsa gaisuwa, kuma ba na bukatar a tuna mini, don ranar miyar nan na sha dukan da har yau nake ji. Muna lafiya. Tarin nan na masu jera haruffan dalma yana damuna in sanyi ya shigo, Sabine na ta ɗura mini ruwan albasa da zuma. Ki yi wa Kawu sannu da ido.

Na karanta waƙar a tsaye, na koma na zauna na sake karantawa. Ni da na tashi ina haddace baitocin Kawu a ɓoye don mahaifina ya hana a shigo da su gida, ban taɓa zaton zan ga ranar da zai ce:

Mazajen Elmrode, gwanayen harbin allo,
Ran da maƙiyi ya zo, jaruntarsu abin kallo.

Ashe tsufa na sa kowa laushi. Gaskiya akwai wuri biyu ko uku da baitin ke ɗingishi, abin da ban saba gani a wajen Kawu ba, amma mutum mai shekarunsa ba a ƙirga masa wannan. Maigidana, mai maɗaba'ar, ya yarda a sa ta cikin ɗan littafin da muke fitarwa lokacin kasuwar bikin Ista, da sunan Kawu a ƙasa.

Maganar da kika rufe wasiƙarki da ita kuma, na gane abin da kike nufi sarai. Kunya ce ta hana ki roƙa kai tsaye. Ki bar mini wannan, ai amfanin ɗan'uwa ke nan.

Ƙanenki,
Leberecht

Elmrode, Janairu 1819

Leberecht,

Ina gaishe ka, Allah ya sauwaƙe tarin. Mu ma muna nan, Kawu ya yi mura ya warke. Ba zan ja gaisuwa ba, don tun da na karanta wasiƙarka abinci ya ƙi shiga.

Ban roƙe ka komai ba. Ajiyar zuciya ce kawai na yi a kan takarda, ban san za ka ɗauke ta aike ba. Ina haɗa ka da Allah, kada ko shafi ɗaya na waƙar nan ya shigo Elmrode.

Ɗingishin da ka ji, ƙafata ce, ba ta Kawu ba. Abin da ya faɗa shi ne:

Mazajen Elmrode, gwanayen harbin allo,
Ran da maƙiyi ya zo, ta taga suka yi kallo.

Haka take tun daga farko har ƙarshe. Ya bi su ɗaya ɗaya: Knauth mahauci da ya ɓoye bindigarsa cikin ganga ranar da sojan Faransa suka shigo, da shi Magajin Gari da ya fita tarbarsu da hula a hannu. Duk gaskiya ne, ina nan aka yi. Yana faɗa ina dariya, hawaye na zuba mini. Amma ina rubutawa ina hango gidan gajiyayyu, inda ake kwantar da tsofaffi uku a gado ɗaya, sai na ga hannuna ya kauce. Na sauya baiti ɗaya, ɗayan ya ja na biyu. Da ya ce in karanta masa, na riƙe takardar a gabana na maido masa tasa daga ka, don tana shiga kunne ba ta fita. Ya tafa hannu ya ce, "Yawwa, Agwagwa. Kanki dai babu komai, amma hannunki amana ne."

Ka ji abin da ya ce mini ke nan.

Na yi tunanin za a buga ta can nesa, a cikin littafin da ba mai saye a garin nan, in ya tambaya in ce an buga, ya ji daɗi, gida ya tsira. Ban yi tunanin sunansa da zai zauna a ƙarƙashin abin da bai faɗa ba sai da na gan ta da rubutunka. In da hali ka cire ta gaba ɗaya. In babu, ka bar ta ta mutu a Leipzig. Laifin nawa ne, ba na neman wanda zan raba da shi.

Ulrike

Leipzig, Maris 1819

Yaya Ulrike,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu ƙalau. Ban san ta inda zan fara ba.

Wasiƙarki ta Janairu sai shekaranjiya ta iso hannuna. Ƙanƙara ta toshe hanyar dutse, jakar wasiƙu ta zauna a wani zango har sai da ta narke. Da na ji shiru daga wajenki na ɗauka kin amince ne. Tun kafin Fabrairu ta ƙare na buga waƙar daban a kan takarda mai kyau, da zanen ganye a gefe, na aika wa shugaban ƙungiyar maharba ta hannun wani ɗan kasuwa da ya bi ta hanyar kogi. Na haɗa da 'yar takarda cewa kyauta ce daga tsohon mawaƙi zuwa ga garinsa. Sunan da ɗan kasuwan ya ba ni shi ne Knauth. Har ina yi wa Sabine alfahari da dabarata.

Kin ce ba ki neman wanda za ki raba laifi da shi, amma rabona yana nan ko ba ki ba ni ba. Aikina ke nan, harafi harafi nake ɗauka in jera, kuma yatsuna sun san baitin Kawu. Ina jerawa ina jin wannan ba shi ba ne. Ban tambaya ba don labarin ya yi mini daɗi: tsoho ya shirya da garinsa, kuma ni ne sila.

Ki faɗa masa da bakinki kafin ya ji a waje. Ko ki ce ni ne na sauya, zan ɗauka. Ni ina nesa, zaginsa ba zai same ni da zafi ba.

Leberecht

Elmrode, Yuni 1819

Leberecht,

Ina gaishe ka da iyali. Jikinmu lafiya. Na daɗe ban rubuto ba don ina jiran in sami abin kirki da zan faɗa, ban samu ba.

Ban faɗa masa ba, kuma ban ɗora maka ba. Ga yadda aka yi. Bayan Ista, Knauth ya zo gida da kansa, ya sa rigar coci, da cinyar nama a naɗe a hannu. Ya ce ƙungiya ta yanke shawara baitin Kawu za a rubuta a allon harbi na bana, a karanta waƙar duka ranar bikin harbi da ake yi lokacin idin Fentikos na coci, kuma Kawu ne zai yi harbin farko. Ka san allon bikin ba a jefar da shi, ana rataye shi a zauren maharba tare da na kakanni.

Kawu ya ce, "Knauth, ka karanta ta kuwa?"

"Har na haddace, Malam."

"Kuma a gaban jama'a kuke so a karanta?"

"A gaban kowa da kowa. Matata ma sai da ta yi kuka."

Bayan ya fita, Kawu ya laluba kujera ya zauna. Na zaci dariya zai yi. Sai ya ce, "Agwagwa, na zalunci mutanen nan. Shekara da shekaru ina cewa ba su da zuciya. Garin da zai iya rataye wannan a zaurensa ya fi ni girma." Ya sa na fito da tsohuwar kwat ɗinsa mai shuɗi na goge maɓallan. Kullum in na buɗe baki zan faɗa, sai in tarar yana murmushi shi kaɗai, in ce gobe. Na yi ta addu'ar ruwan sama, na yi addu'ar ya yi zazzaɓi, Allah ya gafarta mini.

Ranar ta zo da rana tarwai. An kafa rumfuna a filin bakin kogi, ga giya, ga gasasshen nama, ga masu busa. A allon an zana maharba a kan ganuwa, Faransawa na gudu, baitina ya zagaye gefen da jan fenti. Aka zaunar da mu a gaba. Malamin makaranta ya hau benci ya fara karantawa. Hannun Kawu na kan damtsena. A layin farko ya matse ni yana ƙunshe dariya. A na biyu ya ƙara matsewa har na ji zafi. Ya ɗan karkata kai, kamar mai jiran a gyara kuskure. Da aka shiga baiti na gaba, inda Knauth ya zama zaki, sai ya sake ni a hankali ya mayar da hannunsa kan gwiwarsa. Bai juyo wajena ba.

Aka yi ta tafi. Magajin Gari ya miƙe ya ce gidan na Kawu ne har ƙarshen ransa. Aka ɗaga shi tsaye, aka sa masa bindiga a kafaɗa, Knauth ya riƙe bakinta yana saitawa. Kawu ya ce, "Knauth, ka saita ni a kan rubutun, kada ka bari in kuskure." Jama'a suka fashe da dariya, wai tsoho bai bar barkwanci ba. Harsashin ya tafi cikin ciyawa.

Da za mu koma ya nemi mai kaɗa ƙararrawar coci ya ja shi, ni ina biye. A gida na durƙusa na faɗa masa duk abin da na yi, da gadon mutum uku, da tsorona. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Na ji. Kin yi abin da mai hankali zai yi, Uwargida Tamm. Na gode da ɗawainiya."

Tun ranar sunana ke nan. In na kawo kofi sai ya ce an gode, ya yi daɗi. Ya daina kai da komo a ɗaki. Mutane yanzu suna cire mana hula a hanya, matar mai burodi har ta aiko da waina. Da zai zage ni sau ɗaya, da na sami barci.

Ulrike

Leipzig, Oktoba 1819

Yaya Ulrike,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙaraminmu ya yi ƙyanda ya tashi, sauran lafiya. Ki yafe mini shirun nan. Na fara amsa wasiƙarki ta Yuni ya fi a ƙirga, ina yayyagawa.

Abin da ya sa na rubuto yau, wani ƙunshi ne ya zo mini daga Elmrode. Adireshin da rubutun mai gidan waya ne, amma an liƙe shi da jan kakin hatimi da tambarin zoben Kawu. Na wanke hannu kafin in buɗe. Takardu ne masu yawa, an jera su da kyau, kuma babu komai a kansu. Farare fat, gaba da baya.

Na daɗe ina kallonsu kafin in gane. Kawu ke nan. Ya aiko wa maɗaba'a waƙar da ba wanda zai iya gyara masa. Na nuna wa abokan aikina, suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce tsohon bai mutu ba. Ni ma na yi, daga baya kuma na kasa cin abinci, don na san da ni yake. Amma na ji sanyi a raina ta wani gefen: mutumin da ya iya shirya irin wannan tsiya, ya fara hucewa ke nan. Ƙila ke ma ya fara tsokanarki.

Ki ba ni shawara. Ina tunanin in mayar masa da martani cikin wasa, in ce mun karɓa, ita ce mafi tsabtar aikin da ya taɓa shigowa maɗaba'armu. Kina ganin zai yi dariya?

Leberecht

Elmrode, Nuwamba 1819

Leberecht,

Na gode Allah da yaron ya tashi. Ni ina nan. Kawu ƙirjinsa ya fara ƙara in yana numfashi, likita ya zo ya duba, ya kaɗa kai, ya ce a riƙa dafa masa ganye.

Kada ka aiko da wannan wasa. Ba tsiya ya shirya maka ba. Takardun nan cike suke, a wajensa.

Tun ƙarshen damina ya laluba ya zauna a teburin da nake rubutu. Ya ɗauki alƙalamina da kwalbar tawada. Kwalbar tun bikin maharba take a buɗe ba wanda ya taɓa ta, zafi ya busar da ita ƙaf. Yana tsoma alƙalami, ya karkaɗe shi a bakin kwalba kamar yadda ya saba tun yana gani, ya sa yatsan hagu yana auna layi, ya yi ta rubutu leɓɓansa na motsi. Wani lokaci ya tsaya ya yi dariya shi kaɗai, irin dariyar da yake yi in baiti ya faɗa daidai. Na kasa kunne ko zan tsinci kalma, amma ya koyi yin abinsa ba sauti. In ya gama sai ya kulle takardu da kwalbar a akwatinsa, makullin na rataye a wuyansa. Da zai aika maka, da kansa ya sa aka ja shi zuwa gidan waya, bai bari na taɓa ƙunshin ba.

Ranar farko da na gani na ruga na sayo sabuwar tawada. Na tsaya a bakin ƙofa da ita a hannu na ce, "Kawu, kwalbar nan ta bushe. Babu abin da ke fita a takardar."

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Haka ne?"

Na ce, "Wallahi, Kawu. Ga sabuwa, bari in zuba maka. Ko ka sa yatsa ka ji da kanka."

Ya rufe bakin kwalbar da tafinsa. Ya ce, a hankali, ba faɗa, "Uwargida Tamm, me zai sa in yarda da ke?"

Na ce to a kira fasto ya duba. Ya ce fasto na cikin masu tafi a filin bakin kogi, duk garin sun yi tafi, kuma duk garin za su so a ce masa shafin fari ne. Ya ƙi sa yatsan. Ina jin tsoro yake kada ya tarar gaskiya na faɗa.

Duk ranar da keken dokin da ke kawo wasiƙu ya shigo sai ya tambaya ko Leipzig ta amsa. Ya ce waɗannan waƙoƙin ne mafi kyau da ya taɓa yi, kuma kai kaɗai za ka san darajarsu. Ban gaya masa kai ka aika wa Knauth ba, kuma ba zan gaya masa ba, don kai ne mutum ɗaya da ya rage masa. In ka rubuto, ni ce zan karanta masa, ka ga ba amfani. Ka zo da kanka kafin hanyar dutse ta rufe. Ka zauna a gabansa ka faɗa masa da muryarka, sannan ka ɗauki alƙalami. Waƙoƙin suna nan a kansa, na tabbata, bai taɓa manta baitinsa ba. In ya ce in fita daga gidan lokacin da yake faɗa maka, zan fita in tsaya a titi.

Na san maigidanka zai yi ƙorafi, na san tarinka da sanyin hanya. Wancan karon na farko ban roƙe ka komai ba, wannan karon roƙo ne, kada ka karanta shi wani iri.

Ina rubuta maka wannan a ɗakin girki, da tawadar da ya ƙi karɓa. Ta bango ina jin ƙarar alƙalaminsa. Yanzun nan ya juya sabon shafi.

Yayarka,
Ulrike